Dundumin Ɗan Fari

A gidanmu ba a cewa makanta, dundumi ake cewa, kamar in an sassauta wa abin suna zai sassauta mana. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, da dundumi ya fara. Rana na faɗuwa sai ya daina ganin gabansa. Kafin ya aurar da 'yarsa ta fari, da sanda ake jan shi zuwa masallaci. To ni ma abin ya kama ni, kuma na san inda ya nufa.

Ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta garin Ollelewa a lokacin. Allo ina ganinsa tas, amma yaron da ke tsaye a gefena sai ya yi magana nake sanin yana nan. Ganina ya koma kamar na mai leƙe ta cikin bututu. Wata rana na yi karo da jaki a kasuwar Tanut, da rana tsaka. Mutane suka yi dariya, ni ma na taya su, amma da na koma gida na kasa cin tuwo. Tsoro nake ji.

Wani ma'aikacin asibiti a Tanut ya gaya mini cewa wasu likitocin ido, waɗanda muke ce wa lokotoro, a Damagaram suna neman masu irin ciwon nan da ke bin dangi, za su gwada sabon magani. Ya ce in tafi da babba daga dangin uwa, don akwai tambayoyi. Kawu ba ya iya doguwar tafiya. Dole sai Inna.

Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari yadda matan garinmu Falanko na zamaninta suka riƙe ta, har da ƙari. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" nake, ko "mutumin nan". A ɗakin kakata na tashi. In na kwanta ciwo, ƙanwata ake aikowa da kunu, ita kuma ta wuce ta ƙofar kamar ba kowa a ciki. Al'ada ce, na sani, amma haushinta na girma da shi. Ko a mota, daga Tanut har Damagaram, can baya ta zauna, ta bar ni a gaba da wani dillalin awaki.

Lokotoron da muka samu mace ce, kuma ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce gwajin zai ɗauki shekaru, zan riƙa zuwa ana duba ni rani da damina. Ƙuri'a za a yi, wasu su sami maganin, wasu a yi musu abin da ya yi kama da shi, kuma ba wanda zai san rabonsa. Ba ta yi alkawarin warkewa ba, ta ce ɗan ganin da ya rage mini ma zai iya raguwa. In na ƙi, ba laifi. In na shiga, duk ranar da na ga dama in fita. Sannan ta ce maganin allura ne, a cikin ƙwayar ido.

Daga nan kunnena ya toshe. Ni da ko kwalli ba na yarda a sa mini. Na yanke a raina zan ce a'a, in koma in lallaɓa abin da ya rage har ya ƙare.

Ta tambaye ni yaushe ciwon ya fara. Na ce bayan na kama aiki. Ta juya wajen Inna ta ce, "Hajiya, haka ne?"

Inna na zaune ta juya mana baya, ta ja mayafi. Na so in ce wa lokotoro kada ta wahalar da kanta.

"Ba haka ba ne," in ji Inna. "Tun yana tatata ne. In an yi magariba sai ya damƙe zanen kakarsa. Da ya fara bin awaki, kullum shi ke riga yara dawowa, ana ce masa rago. Ba ragwanci ba ne, gudu yake kar rana ta faɗi yana daji. Ni ke kwashe turmi da tabarya daga tsakar gida kafin ya shigo, kar ya yi tuntuɓe. Na ga abin a ƙanena, na san shi."

Na tuna tsakar gidanmu, kullum wayam da magariba. Duk shekarun nan na ɗauka son tsabta ne kawai.

Lokotoro ta ce mai yiwuwa irin wannan ta wajen mata yake bi, ya fito a 'ya'ya maza. Ina da 'ya mace ɗaya. Inna ta ce, "Ta wajena ya zo masa ke nan. Abin da za ku koya a idonsa, zai amfani jikokinsa?"

"Yana yiwuwa, Hajiya. Ba zan ce tabbas ba."

"In ya yarda, ni zan riƙa rako shi."

Ba ta ce mini in yarda ba, ba ta ma dube ni ba. Na ce na yarda.

Tsoron bai tafi ba. Har yau, duk zuwan da zan yi da shi nake tafiya tun daga tashar Tanut, kuma ban san ko maganin ake sa mini ba. Ranar allurar farko, da aka fito da ni ido ɗaya a ɗaure, ɗayan kuma ba ya ganin gefe, na tsaya cikin cunkoson masu jira ban san ta inda ƙofa take ba. Sai na ji wani hannu mai kaushi ya kama wuyan hannuna. Inna ta ja ni ta tsakiyar mutane, kowa na kallo, tana cewa, "Ku ba mu hanya, ɗana ba ya gani."