Mariƙi Mai Gurbin Yatsu Uku

A gidanmu ba a sayar da ɗan fari. Mu maƙera ne tun kakanni, kuma abin da muka taso muka tarar shi ne, duk sabon abin da hannun mutum ya fara fitarwa, wanda ba a taɓa yin irinsa a maƙerar ba, ba a karɓar kuɗinsa, ba a kuma ajiye shi a gida. Baƙon da ya fara sako ƙafa bayan an gama shi, shi ne mai rabo. Babanmu yakan ce in aka riƙe ɗan fari hannu daskarewa yake yi, ba ya sake haifar wani. Ni mace ce, ban taɓa ɗaga guduma ba, amma da idona na ga an miƙa wa wani Bafulatani sabon samfurin lauje, alhali hanyar Burumburum kawai ya shigo tambaya. Ya tafi yana waiwaye, ya zaci wani abu aka shirya masa.

Yayana shi ya gaji Baba, sai dai shi ya bar zuga-zugi ya koma walda. Rumfarsa tana bakin hanya a Tiga, inda in ka tsaya kana hango ruwan dam. Tun yana saurayi bel ɗin injin niƙa ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama, amma da ukun da suka rage babu abin da ba ya yi. Mutum ne marar magana. Ni kuwa auta ce, kuma duk maganar gidan ni aka bar wa.

Sana'ata bandar kifi. Nakan sari tarwaɗa da karfasa wurin masunta, in jera a kan raga, in hura itace a ƙasa, in wuni ina juyawa cikin hayaƙi. Wanda bai yi banda ba bai san hayaƙi ba. Idanuna suka koma ja wur, kullum cikin ruwa, har mutane suna yi mini jaje suna zaton mutuwa aka yi mini. Wata rana Yaya ya zo gidana, ya tsaya ya daɗe yana kallona ina murza ido da gefen zane. Sannan ya juya ya tafi. Daga ranar ya fara tara tsofaffin durorin mai a bayan rumfa.

Abin da ya fitar a ƙarshe duro ne a tsaye, da ragogi hawa-hawa a ciki, da bututun da ke kai hayaƙi sama can nesa da fuskar mutum. Ba ya cin itace, ɓuntun shinkafa yake ci, wanda masu casa ke zubarwa a banza. A gefe akwai mariƙi, kana murza shi duk ragogin su juya lokaci ɗaya, ba sai ka buɗe ba. Da yake da hannunsa ya gwada, sai ya lanƙwasa mariƙin daidai kamunsa, ya fitar masa da gurbin yatsu uku. Ranar da ya gama ya aika aka kira ni, na zo da kifi a kwano muka gwada. Wallahi na yi guɗa a bakin titi, ban ji kunyar kowa ba.

Muna cikin haka, rana ta take tsaka, wata farar mota ta tsaya. Wani mutum ya fito, doguwar riga mai ruwan toka, ya ce tayarsa ce ke sacewa, ko akwai mai faci a kusa. Zafin ranar nan ko kare ya nemi inuwa, amma mutumin nan babu ɗigon gumi a goshinsa. Na lura da wannan tun kafin in lura da komai. Idonsa ya sauka a kan duron bai sake ɗagawa ba.

Na ga Yaya ya goge hannu a jikin riga, nan take na gane abin da zai yi.

"Yaya, ai don ni ka yi shi," na ce ƙasa-ƙasa.

"Naki na biyu ne, Auta. Kin san ƙa'ida."

Ya juya ga baƙon ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya yi kai ne mai rabo."

Kuma a wurinmu abin kunya ne ka ba mutum kyauta ba ka nuna masa yadda ake amfani da ita ba. Yaya da ba ya haɗa jimla biyu, ranar sai da ya zama malami. Ya buɗe, ya ciro ragogin, ya nuna inda iska ke shiga, ya faɗi dalilin da ya sa bututun ya karkata, har kuskuren da ya yi ta yi kafin ya dace sai da ya zayyana. Mutumin yana zagaya duron a hankali yana ɗaukar hoto da waya. Bai yi mamaki ba, bai yi irin ƙin karɓar nan da ake yi don kunya ba. Da aka ɗaure masa shi a bayan mota, tambaya ɗaya ya yi, da wata murya mai laushi:

"Ban da ku biyu, wa ya gan shi?"

Yaya ya ce babu. Mutumin ya gyaɗa kai ya shiga mota. Sai da ya ɓace na tuna bai ko nemi mai facin ba, kuma tayar nan lafiyarta ƙalau.

Na yi fushi kwana biyu, sannan nawa ya fito, na manta. Idona ya washe. Matan da muke banda tare suka gani, kowa ta ce sai an yi mata. Daga Bagauda aka fara aikowa, daga Kiru, har wasu daga Doguwa da ke bandar nama. Yaya ya ɗaga rumfa, ya sa kwano sabo, ya aurar da babbar 'yarsa ba tare da ya je ƙofar kowa ba. Shekarun nan su ne na fi ganinsa yana dariya.

Wata ranar kasuwa na kai kifi Tudun Wada. Ina ratsa layin masu kayan ƙarfe sai na ga durori a jere, kore shar, fenti yana sheƙi, kowanne da ɗan allon ƙarfe a ƙirji mai ɗauke da lamba da sunan wani kamfani. Na ce a raina, ikon Allah, wani ma ya yi tunani irin na Yaya. Na matsa na kama mariƙin ɗaya don in ji nauyinsa. Yatsuna uku suka faɗa gurbi, biyu suka rasa wurin zama.

Na saki na kama na kusa da shi, haka. Na gaba, haka. Na bi layin nan kaf kamar mahaukaciya ina kamawa ina saki, duk inda na taɓa hannun yayana nake ji, da sanyin ƙarfe, a garin da bai taɓa kai kaya ba. Mai sayarwa ya ce, "Hajiya, lafiya? In saya za ki yi ki saya, wannan shi ne na asali, ba irin jabun da ake bugawa a Tiga ba."

Jabu! Ban san sanda na dire kwandon kifi ba. Abin da na gaya wa mutumin nan ba zai rubutu ba, sai da dattawa suka taru suna ba ni haƙuri. Shi kuwa bawan Allah bai san komai ba, sari ya yi.

Da na koma na faɗa wa Yaya, ya dubi hannunsa, ya juya shi ciki da baya. Ya ce, "Har da yatsun?" Na ce har da su.

Ba a daɗe ba wasu mutum biyu suka zo rumfar, ɗaya ya ce shi lauyan kamfanin ne. Baƙon nan bai zo ba, kuma ban sake ganinsa ba har yau. Lauyan ya yi gaisuwa da ladabi, har da rusunawa, sannan ya ce wannan duro an yi masa rajista a matsayin ƙirƙirar mai kamfaninsu, gwamnati ta ba shi takardar mallaka, duk wanda ya ƙera irinsa ba da izini ba kotu ce za ta raba su, kuma za a kwashe kayan aikinsa. Na ce masa ya kama mariƙin wani duro da ke rumfar, ya dubi hannun Yaya, ya gaya mini wa ya kwaikwayi wa. Ya kama kuwa, ya yi murmushi ya ce ai gurbin nan yana cikin zanen da aka yi wa rajista, an yi shi ne don kada hannu ya zame. Ko kallon hannun Yaya bai yi ba.

Akwai wani surukinmu da ke aiki a kotu a Bebeji, na ja Yaya muka je. Ya saurare mu ya ce, a iya saninsa, ofishin da ke ba da irin takardar nan wanda ya fara zuwa yake dubawa, ba ya bin ƙauyuka yana tambayar wa ya fara yi. Amma ya ce ana iya ƙalubalanta a babbar kotu a birni, in akwai lauya da shaidu da haƙurin shekaru. Na ce shaidu ai ga matan banda nan, mota guda zan cika. Na ce zan sayar da awakina. Da gaske nake.

A hanyar dawowa Yaya ya ce ba za shi ba.

"Saboda me, don Allah?"

"Ni na ba shi, Auta. Da hannuna na ɗaura masa a mota. Kin taɓa jin maƙerin gidanmu ya bi ɗan fari ya ce a dawo masa da shi?"

"Haba Yaya! Duro ka ba shi, ba kanka ba!"

Ya kau da kai. Can ya ce, "To ga shi ya ce har da kan."

Na yi kuka, na yi masifa, na kai ƙara wurin kawunmu, duk a banza. Abin da ya fi ƙona mini rai, mutanen garin da suka ga lokacin da yake tara durorin nan, su ma suka fara canza baki. Fenti da lamba suka rinjaye su. Sai ka ji ana cewa ai dama a birni ya gano ya zo ya kwaikwaya. Wata da na koya wa banda da hannuna ta ce mini ita na kamfani za ta saya, ya fi inganci. Har ta kai wata rana ina zaune a rumfar, Yaya ya ɗago daga abin da yake yi ya ce, "Auta, ke kina nan ranar, ko? Ni na yi shi?" Ba wasa yake ba. Na ce ina nan, kai ka yi. Ya ce to, ya sunkuyar da kai.

Bai sake buga duro ba. Ya koma gyaran ƙofa da ƙafar kujera da garmar shanu. Amma hannun bai daina ba. A bayan rumfa ya kewaye wani wuri da tamfol, in aiki ya yi sauƙi sai ya shige. Ana jin ƙarar walda, ana ganin hasken yana walƙiya ta ƙasan tamfol ɗin da rana tsaka, amma ba abin da ke fitowa. In baƙo ya yi sallama sai ƙarar ta tsaya cak, ya fito yana goge hannu, ya tsaya ya tare ƙofar da jikinsa.

Sau ɗaya na kutsa kai ba sallama. Wurin cike yake da abubuwa, manya da ƙanana, wani da ƙafafu, wani da fanka a ciki, wani da dogon wuya kamar zalɓe. Babu ƙura a kansu, kullum ana shafe su da mai. Na murza wani, ya juya sau ɗaya ya tsaya. Na taɓa wani, shi ma haka. Kowanne akwai wani gurbi da aka bari fanko, ramin noti ba noti, ko sanda da ba ta haɗu da komai ba. Suna tsaye shiru sun kewaye ni, na ji kamar jira suke in fita. Yaya ya shigo ya same ni, bai yi faɗa ba. Na ce me ya sa ba ka ƙarasa ko ɗaya ba? Ya ce, "Duk a gama suke." Ya taɓa goshinsa da yatsa. "Sauran yana nan."

Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Yana ji, yana gane mutane, magana kuma tana fita da ƙyar, kalma ɗaya ɗaya. 'Ya'yansa ba wanda ya bi ƙira, kuma magani yana cin kuɗi, don haka 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, suka fara zarya, suna so su auna abin da ke bayan tamfol a kilo. Na roƙi a dakata mini. Na samo wani mai walda daga Kiru, mutumin kirki, ya wuni a ciki yana jujjuya su. Ya fito ya ce, "Inna, wallahi aikin nan ba na wasa ba ne, amma ban san me ko ɗaya yake yi ba. Sai mai shi."

Na sa aka ɗauko mai dogon wuyan nan aka kawo tsakar gida, aka ajiye a gaban tabarmar Yaya. Da ya gan shi idonsa ya kawo haske, ya miƙa hannun da ke motsi wajensa. Na sallami kowa, na durƙusa kusa da kunnensa.

"Yaya, ni ce, Auta. Ba kowa, mu biyu ne. Gaya mini me yake yi, me ya rage a sa masa. In ba haka ba gobe za su farfasa shi."

Ya dube ni, ya dubi abin. Leɓensa ya motsa, na ga kalmar ta taho, na kai kunnena dab da bakinsa. Sai wani ya yi sallama a zaure, mai sayar da manja ne ma. Yaya ya juya ido ya kalli ƙofa, ya daɗe yana kallo, sannan ya rufe bakinsa. Na zauna a wurin har aka kira la'asar, bai sake buɗewa ba.