Kaset Huɗu na Malamina

A shekarar da sojoji suka koma bariki, ƙanwata ta aiko mini da ɗanta daga ƙauye domin ya zauna a gidana a Ƙofar Guga, ya riƙa zuwa kwaleji a hanyar Batagarawa. Na ba shi ɗakin da ke kusa da zaurena, inda nake ajiye littattafai. Yaro ne mai ladabi a gaisuwa, ba ya fashin jam'i, sai dai Allah ya hore masa ra'ayi a kan kowane abu, kuma ba ya iya riƙe shi a ciki.

Idan muka zauna cin abinci sai ya buɗe majalisa. Makaɗanmu na da, a wurinsa, maroƙa ne masu murya. Waƙoƙin finafinan Hausa kuwa kwaikwayon Indiya ne, ba ya ɓata batirinsa a kansu. Waƙar gaske ita ce ta baƙaƙen Amurka masu zuba magana da sauri.

"Kawu, waɗannan su ke faɗa wa masu mulki gaskiya. Da kana jin Turanci da ka ce wa'azi ne."

"Wa'azi da wando a gwiwa?"

"Ai farar hula ake yanzu, Kawu. Kowa da ra'ayinsa."

Yana da wata na'ura da ake haɗawa da talabijin, yana kiranta gem, yana buga ƙwallo a cikinta. Ya taɓa nuna mini wani ɗan kati mai kama da akwatin ashana, ya ce a cikinsa ake ajiye duk nasarar da mutum ya ci. Wata bakwai ya yi yana gina ƙungiyarsa daga ƙasa. Ya ce wasan yana koya wa mutum haƙuri fiye da zaman karatu. Na yi murmushi, domin har lokacin maganarsa ba ta taɓa mini komai ba.

A cikin ɗakin nan da na ba shi akwai kaset huɗu. Muryar malamina ce a ciki, Allah ya jiƙansa, wanda na yi shekara goma sha tara a gabansa. A shekararsa ta ƙarshe na lallashe shi har ya yarda na ajiye rikoda kusa da shi yana warware mas'alolin rafkanuwa a salla, da irin bayanin da ban taɓa gani a rubuce ba. Babu wanda ya mallaki kwafinsu. Wani mai sayar da kaset a Babbar Kasuwa ya koya mini in fasa ɗan kunnen da ke bayan kowane kaset, ya ce da zarar an fasa shi ba za a iya ɗaukar wata murya a kai ba. Na fasa. Na rubuta sunan malam da babin a kan kowanne, da ajami.

Wata Alhamis da hantsi wata mas'ala ta shige mini duhu, na sa kaset na biyu. Abin da ya fito kiɗa ne mai dukan ƙirji da wani ƙato yana ihu. Na sa na uku, na sa na huɗu, na koma na farko. Na juya su sai na ga an cusa takarda a kowane ramin kunnen da na fasa, an danne ta da kyau.

Da yaron ya dawo na jera masa su a kan buzu.

"Mi ya faru, Kawu?"

"Karanta abin da ke jikinsu."

Ya juya kaset ɗin sama da ƙasa. "Wallahi ban iya ajami ba. Na saurari farkon ɗaya, na ji tari da kukan kaji, na ɗauka lalatattu ne. Wani abokina ya ara mini waƙoƙi na kwana ɗaya."

"Tarin malamina ka ji."

Na yi kwana uku ban yi masa magana ba, ina auna al'amarin kamar yadda aka koya mini. Rashin iya ajami uzuri ne a kan abin da ke ciki. Amma wanda ya tarar da rami an fasa, ya nemo takarda, ya nannaɗe, ya toshe har sau huɗu, ya san mai abin ya kulle shi. Wannan ganganci ne. Ba zan ɓoye ba, ba gyaransa nake nema ba a kwanakin nan. So nake ya ɗanɗana. Na yi tunanin mayar da shi ƙauye, na ga uwarsa ce za ta sha zafin. Na yi tunanin fasa na'urar, na ga zai sami wata. Sai na tuna katin.

A rana ta huɗu, da aka kawo wuta bayan azahar, na shiga ɗakinsa na zauna.

"Kunna. Nuna mini ƙungiyar nan taka."

Ya nuna mini 'yan wasa da kofuna, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ana iya share abin da ke cikin katin?"

Ya dube ni. "Kawu, don Allah."

"Ni ban iya ba. Kai za ka yi, da hannun da ya toshe ramin."

Ya daɗe riƙe da abin dannawar. Na'urar ta fito da tambaya da Turanci, ya fassara mini da kansa, wai ko ya tabbata. Na ce ya tabbata. Ya danna. Na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma na ji daɗi. Na faɗi wannan ne domin haka aka yi.

Daɗin bai kai la'asar ba. Ina alwala ya tsuguna gefena ya ce, "Kawu, na yarda da hukuncin. Amma ni in na zauna zan sake gina tawa. Taka fa?"

Ba da izgili ya faɗa ba, shi ya sa ta fi ciwo. Ramuwata ba ta kai ko kusa ba.

Washegari na sayo littafin rubutu mai kauri na ajiye a gabansa. Duk hutun zangon nan, daga bayan asuba zuwa hantsi, ina faɗin abin da na iya tunawa daga bakin malam, shi yana rubutawa, da ajami, ina koya masa harafi bayan harafi, ina sa shi ya sake duk layin da ya karkace. Abokansa suna zuwa ƙofa su koma. A wurare da yawa nakan tsaya, in san malam ya kawo misali a nan, in neme shi in rasa. Sai in ce ya bar fili. Yakan bar filin ya sunkuyar da kai, ni kuwa fushin ya dawo mini sabo.

Ranar da zai koma karatu ya durƙusa ya ce in yafe masa. Na buɗe littafin ina duba filayen da muka bari, sun kusa kai rubutun yawa. Na ce masa ya tashi kada ya makara, kuma hutu mai zuwa za mu sake bi ta kansu.