Ranar da Na Yi wa Talaucinmu Kwalliya

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta ranar da na kusa hana yayana keken guragu da hannuna ba, kuma wai duk da sunan kare mutuncin gida. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai in ji zufa ta karyo mini.

Yayana manomin albasa ne a fadamar Wurno. Wata ranar kasuwar Goronyo ya faɗo daga saman motar da ake loda wa buhuna, ƙashin bayansa ya taɓu, ƙafafu suka daina aiki. Mutumin da ba ya iya zama wuri guda ya koma ɗaki, daga tabarma sai tabarma. Wani ɗan'uwa ya kawo mana tsohon keke irin na asibiti, muka yi ta murna, ashe ƙananan tayoyinsa na gaba ba su shiri da yashi. Daga ƙofar gida sai su nutse, sai an sami ƙarti biyu, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Yaya ya gwada zuwa masallaci da shi, ya ga yadda ya tara jama'a, ya ce ba zai ƙara ba. Likitan gashin ƙashi ya gaya mana abin da ya dace da shi: keke mai taya uku wanda ake tuƙawa da hannu, mai manyan tayoyi, da katifar zama ta musamman don kada gyambo ya kama shi. Kuɗinsa ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba, don jinya ta riga ta cinye shanun noma da injin ban ruwa.

Ni kuwa a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Rabah, kuma Allah ya yi ni da baki. Rediyo ba ta rabuwa da kunnena. A majalisar mai shayi ni ne masanin harkar lafiya ta duniya. Na san a Ingila da haraji ake jinyar kowa, na san a Amurka in ba ka da inshora ciwo ɗaya zai iya tsiyata ka. Ina faɗin waɗannan abubuwa ina buga benci kamar a can aka yanke mini cibiya, alhali ban taɓa wuce Kaduna ba. Saboda haka da aka ji akwai wani ofishin gwamnati da ke raba kekuna ga masu lalura marasa hali, ni aka ɗora wa aikin. Na yi ta sintiri har takalmina ya san hanya, daga ƙarshe aka ce za a turo jami'a ta zo gida ta ga mai lalurar da idonta.

A nan ne basirata ta tafi hutu. A gidanmu an tashe mu a kan cewa baƙo ba ya ganin tsiraicin gida, balle baƙon gwamnati. Ko hatsi ya ƙare a rumbu, in baƙo ya yi sallama sai an nemo abin da za a sa masa a gaba. To ni sai na ɗauki zuwan jami'ar nan kamar zuwan surukai. Na je gidan maƙwabcinmu, wani Alhaji ɗan kasuwa, na aro kujerun kushin da darduma da fanka, har da talabijin, duk da ko wayar wuta ba mu da ita a ɗakin. Na naɗe tabarmar Yaya da ta yage na cusa ƙarƙashin gado. Tsohon keken nan kuwa, da na dube shi na ga tsatsa da yagaggen mazauni, sai na ce wannan abin kunya ne, na tura shi bayan rumbu. Na sa aka yanka kaza, aka soya wainar masa. Sannan muka ciccibi Yaya muka ɗora a kujera mafi laushi, na zuba masa babbar rigar shadda ta Alhaji wadda ta rufe shi har ƙasa, na kafa masa hula, na fesa turare. In ka gan shi sai ka ce hakimi ne ke jiran masu gaisuwa.

Matar Yaya ta tsaya bakin ƙofa tana kallona. Ta ce, "Malam, wai taimako munka nema ko biki mu ka yi?" Na ce mata ita ba ta san ma'aikatan gwamnati ba, in suka ga mutum a wulaƙance raina shi suke yi.

Jami'ar ta iso da hantsi, wata Hajiya mai sanyin magana. Ta gaida Yaya, ta tambaye shi jiki. Ya amsa yadda kowane dattijo zai amsa, ya ce lafiya lau, sai godiyar Allah. Kafin ta yi tambaya ta biyu na riga na karɓe zancen. Ga ma'aikaciyar gwamnati ta faɗo hannuna, ina zan bar ta? Na ce mata a ƙasashen da suka san ciwon kansu, keken mara lafiya haƙƙinsa ne, ba alfarma ba. Ta ce ta yarda, amma can ma ana yin watanni ana jiran layi, kuma harajin da suke biya in an ce mu biya, ni zan fara ihu. Na ce ai da an sa kowa cikin asusun lafiya, manomi da ma'aikaci, da ba a kai ga bin gida gida ana auna talaucin mutane ba. Ta ce manomin da sai ya sayar da albasa yake ganin kuɗi, ta yaya za a riƙa cire masa wani abu duk wata? Na kawo Saudiyya, ta ce in kawo man fetur ɗinsu da ƙarancin jama'arsu tukuna. Wallahi na ji daɗin gardamar nan, don na daɗe ban sami abokin karawa irinta ba. Yaya na zaune cikin shadda, ni na ma manta don shi aka taru.

Can ta dubi talabijin, ta dubi fankar da ba ta juyawa, ta dubi kazar da ke gabanta. Ta ce, "Malam, kekunan ga kaɗan na, masu buƙata ko suna da yawa. Jiya ga wani ƙauye bayan Marnona na ishe mutum shina jan jiki da silifa ga hannu. Ku kam Allah ya ruhwa muku asiri, ku yi haƙuri a ba waɗanda ba su da kowa." Ku ji abin da na ce: na ce amin, mun gode. Har wani daɗi na ji wai an yaba gidanmu. Sai da ta miƙe ta gyara mayafi sannan maganar ta sauka cikin kaina, na ji kamar an kwara mini ruwan randa.

Ta ɗauki jakarta za ta fita. Yaya ne ya ce, "Hajiya, dakata kaɗan." Ya cire hular ya ajiye. Ya tuɓe babbar rigar ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Ya dafa hannun kujera ya zamo ƙasa, ƙafafunsa da suka tsotse suka biyo shi kamar ba nasa ba. Sannan ya fara jan jiki da hannu biyu, ya wuce darduma, ya fita tsakar gida cikin yashi mai zafi, har inda butarsa take. Ya juyo yana haki ya ce, "Hakanga ni ka zuwa alwala kullum. Masallaci ga shi nan bayan katanga, ina jin liman, ba ni iya zuwa."

Tun da ya kwanta, Yaya bai taɓa yarda wani wanda ba na gida ba ya gan shi yana jan jiki. Ko 'yan'uwa suka zo dubiya sai ya matse har su tafi. Ranar nan ya yi a gaban baƙuwa mace, kuma ni na kai shi ga haka. Na tsaya rungume da rigar mutane, hawaye na zubo mini, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Matar Yaya ta zagaya bayan rumbu ta turo tsohon keken, tayoyinsa na gaba suka kafe a yashi a gaban kowa. Ta ce, "Hajiya, duk abin da kinka gani ɗakin ga aro na. Mai gida kaɗai shi an namu." Hajiya ta dube ni, ta kasa riƙe dariya, ta ce, "Malam, mi yas sa ka yi haka?" Na ce don kada a raina mu. Ta girgiza kai, ta ajiye jakarta ta durƙusa kusa da Yaya. Ta duba tafin hannunsa da ya yi kanta, ta tambaye shi ko zama na ji masa ciwo, ta auna faɗin ƙugunsa da tsawon hannunsa, ta fita ta dubi hanyar unguwa. Ba ta ƙara tambayata komai ba, ni ma na kama bakina.

Keken bai zo da wuri ba, sai bayan damina. Ranar da aka kawo shi Yaya ya hau, ya juya hannun sau biyu don ya ji nauyinsa, ya nufi ƙofa. Na bi shi da gudu zan tura, ya ce, "Bari, ɗan Ingila, ni ka tuƙin abina." Ya tafi sallar la'asar shi kaɗai, tayoyin na keta yashi, ni ina tsaye a ƙofar gida ba ni da aikin yi.

Har gobe ina nan a kan ra'ayina cewa bai kamata sai mutum ya baje rauninsa a gaban baƙo kafin a ba shi abin da zai yi tafiya da shi ba. Amma abin da ranar nan ta koya mini ya fi kusa da gida. Rufin asiri abu ne mai kyau, sai dai ba a yin sa a gaban wanda ya zo taimako. Kuma in za ka yi magana a madadin mai ciwo, fara tambayarsa abin da yake so a faɗa. Ni ban tambayi Yaya ba, shi ya sa ya biya kuɗin kwalliyata da abin da ya fi ɓoyewa a duniya.