Tsaga Biyu a Wutsiyar Kifi

Ka taɓa jin Musulmi mai salla biyar yana cewa zai je ya kawo naman alade gida? Haka Boeta Salie, wato Yaya Salie, yake cewa da Turanci duk ranar da zai shiga jirgin kamun kifi a Kalk Bay ta Afirka ta Kudu, shi da bai taɓa ɗanɗana alade ba. A bakin mutanen nan, mai kawo naman alade gida shi ne wanda guminsa ke ciyar da iyali. Baki bakwai ke jiran Salie.

Ni fiɗar kifi nake yi a tashar jiragen, shekara goma sha ɗaya ke nan. Kowane masunci yana da shaidar da yake yi wa kifinsa da wuƙa, ni kuma in ware, in ƙirga da ƙarfi a gaban mai jirgi, Oom Dawie, wato Kawu Dawie. Shaidar Salie tsaga biyu ce a wutsiya. Dokar Dawie kowa ya san ta: wanda ya zo ƙarshe a yawan kifi mako uku a jere, ya bar wa wani gurbinsa.

Da hannu da igiya ake jan kifin snoek, ga shi da haƙora kamar reza. Wani kifin ya ciji Salie a watan Mayu, ciwon ya ruɓe, yatsu biyu na damansa suka mutu. Ya naɗe su da tsumma, ya ce sanyi ne. Amma ƙirga ba ta ɓoyuwa. Arba'in ya koma ashirin da biyu, ya koma tara. Matarsa, Tietie Galiema (Tietie ake ce wa babbar mace a nan), ta ce mini ya daina cin abincin rana, sai ya zauna yana kallon hannun.

Ran Alhamis ta mako na uku jirgi ya dawo da la'asar. Salie ya ƙi kallona. Na fara warewa. Sai na ga tsaga biyu, na sake ganin tsaga biyu, tuli ya yi ta hawa. Amma na san wuƙar Salie, tsagarta a karkace take. Shida kaɗai ne nasa. Sauran kuwa, abokan aikinsa ne suka yi wa kifinsu shaidarsa.

“Nawa, Tietie?” Dawie ya tambaye ni.

Na ce talatin da ɗaya.

Dawie ya ɗaga kifi ɗaya, ya daɗe yana duban wutsiyar. “Tsoho, ashe wuƙarka ta koyi miƙewa,” ya ce, ya jefar da shi kan tulin.

Gurbin Salie ya tsira, na wannan makon. Su ma abokan suna da bakunan da ke jiransu, ba za su iya yi kullum ba, Salie kuma ya sani. Yanzu kowace yamma yana bayan gida, yana koya wa hagunsa jan igiya da bokitin ruwa.

Gwada da kanka. Ɗaure yatsu biyu na damanka, ka ja guga cike sau arba'in, ka ga a na nawa za ka tsaya.