Kwakwata Ta Kamu da Shawara

Ni fa a waya na koyi dashen kwakwar manja, ba wanda ya zaunar da ni. Bidiyo nake ta kallo har batir ya mutu. Da na ishi Baba da magiya, sai ya yanka mini gefen gonarmu ta albasa, can bakin tafki kusa da Wara, amma da sharaɗi: in lokacin dashen albasa ya yi 'ya'yan kwakwar ba su kama ba, shanun huɗa za su bi ta kansu.

Wani direba mai kai busasshen kifi kudu shi ya ɗauko mini su, guda shida cikin baƙar leda. Kai, ku zo ku ga kore! Kullum da safe ina can da bokiti, ina ba su ruwa, ina ɗaukar su hoto.

Sai ganyen ƙasa ya fara rawaya. Ɗaya, sai biyu, sai dukkansu. Masunta in sun fito daga jirgi sai sun tsaya sun yi mini dariya. Wani abokin yayana ya ce, "Alhaji mai manja! Ai ga manjan nan ya hito tun a ganye, kawo kwalba."

Inna ta zo ta duba, ta juya ganye ɗaya kamar tana duba idon yaro, ta ce, "Wanga shawara ta. Shawara ta kama su."

Na ce, "Inna, icce na shawara?"

"To mi ya hana? Ba rai gare shi ba?"

Shawara kuwa na sha ta, ta baki. Wannan ya ce toka, wancan ya ce kashin shanu, wani ya ce in sare ganyen. Bidiyo ma kowanne da nasa. Na yi duka, na ƙara ruwa, rawaya sai gaba take yi. Abinci ya daina shiga mini. Ga irin albasar Baba yana ta tsawo a fangali.

Rannan na ce bari in tona gindin ɗaya in gani da idona. Ban yi nisa ba ruwa ya cika ramin. Ashe tafki ya ƙaru, ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, ni kuma ina ta zuba wani ta sama. Saiwar ta yi baƙi, tana wari.

Akwai abin da na gani a bidiyo: ka ja sabon ganyen tsakiya a hankali, in ya zare to ta mutu. Na daɗe ina tsoron gwadawa. Sai ranar da Baba ya iso da mai shanun huɗa ya ce, "To, manomi, mi muke ciki?"

Na durƙusa na fara ja. Ta farko ta zare. Wasu uku ma suka zare haka, duk a ruɓe. Biyu suka ƙi.

Baba ya ce, "Kwashe biyun ka kai tudu bayan gida. Gona kam albasa za ta ci."

Na ɗauke su da ƙasarsu a cikin daro, shanu na shiga bayana. Suna nan bayan ɗakin Inna, na kewaye su da ƙaya saboda awaki. Har yau rawaya suke, kuma ban sake jan ganyen ba.