Takardar Fiyanon da Hamma Ya Aiko Mana

Jama'a, wannan ba tatsuniya ba ce, kuma ba a bakin wani na ji ba, a kaina abin ya faru, Allah shi ne shaidata. A Garuwa ne, zamanin shugaban ƙasarmu na farko, lokacin da in mutum zai yi maganar gwamnati sai ya waiga hagu ya waiga dama, sannan ya fasa. Ina saurayi a lokacin, ina tsaron rumfar atamfar mahaifinmu a babbar kasuwa, ban san komai a duniya ba sai awon yadi da gardamar ciniki da Fulatanci.

Mu biyu ne a ɗakin mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, ni da wana Hamma Sale. Hamma ya yi allo kamar kowa, hannunsa ma ya fi na kowa kyau a rubutu, amma da ya sami aikin kai abinci a kulob ɗin Turawan auduga sai ya liƙe wa fiyanon da ke wurin, wani tsohon Bature ya koya masa karanta takardar kiɗa, har ya zama shi ke kaɗa musu. Baba ya ce shi bai haifi maroƙi ba, ya hana ko fito a gidansa. Ana nan, wata rana da hantsi mota ta tsaya a ƙofar kulob, mutum biyu suka ce Hamma ya zo ana son yi masa tambaya ɗaya. Wasu sun ce ya ji abin da bai kamata ya ji ba, wasu sun ce ya faɗa ne, baki shi ke yanka wuya. Baba ya yi ta zarya ofis-ofis har ran da wani ya ja shi gefe ya ce in yana son ɗan da ya rage masa, ya koma gida ya zauna. Shi kuwa ya koma ya zauna.

Shekara biyu ba labari. Dada ta kama tari, ta rame, ta daina zuwa biki da suna. Sai rannan wani direban babbar mota da ke bin hanyar Rey Bouba, inda ake raɗe-raɗin can ake tsare mutane, ya zo rumfarmu, ya yi ta juya atamfa kamar mai saye, da ya ga ba kowa sai ya cusa min wata takarda a ninke cikin turmin da yake dubawa. Ya ce, "Daga wanka Sale. Kada wani mahaluƙi ya gani. In an gani, da ni da kai da shi duk mun tafi." Kafin in buɗe baki ya shige cikin mutane, ban kuma sake sa shi a ido ba.

Takardar buhun siminti ce. Na buɗe, ina zaton zan ga ajamin Hamma, sai na ga ba kalma ko ɗaya. Layuka ne aka ja da fensir, biyar-biyar, a kansu an zuba ɗigo-ɗigo kamar kashin awaki, wasu da wutsiya wasu babu, da irin tawadar nan tamu ta gawayi da ƙaro. Jeri bakwai ne, kowane jeri hawa biyu. Na gane dabararsa, wasiƙa in an kama za a karanta, wannan kuwa mai gadi zai ɗauka wasan mahaukaci ne. Sai dai Hamma ya manta ƙaninsa ma bai fi mai gadin ba.

Na kai wa Dada. Ta shafa takardar, ta sansana, ta ce, "Me ya ce?" Na ce mata kiɗa ne, in aka kaɗa za mu gane, ko yana da lafiya, ko yana tafe. Ta ce, "To a kaɗa mana." Ku da kuke karantawa za ku ce ai da sauƙi, a kai wa wanda ya iya. Wallahi ba ku san wancan zamani ba. Waɗanda suka iya a garin nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma duk suna kaɗa wa manya a taro. Tsoro ya sa na yanke shawarar da har yau nake cizon yatsa a kanta, na ce ni zan koya da kaina. Ko kwafin takardar ban yi ba, don a ganina guda ɗaya ma ta ishe mu fargaba.

Akwai wata Madam Rahila, Kirista ce daga duwatsun arewa, tana koyar da waƙa a lakwal, wato makarantar mishan, tana sayen atamfa a wurinmu. Na ce mata sha'awa ce kawai ta kama ni. Ta dube ni sama da ƙasa ta yi dariya, ta ce in riƙa zuwa da azahar in yara sun tashi. Na shirga wa Baba ƙarya cewa lissafin Faransanci nake koyo saboda rumfa.

Kai, na sha wuya! Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na bushe. Da farko dai idona ya saba da allo, da ta ajiye littafi gabana sai in fara daga dama. Ta buga rula a kan fiyano ta ce, "Mushe," wato malam da Faransanci, "daga hagu! Wannan ba allon malam ba ne. Ankor, sake!" In gyara, da ta juya baya ido ya sulale ya koma dama abinsa. Sannan sunayen, do re mi fa sol la si, kowane ɗigo sai na ƙirga layi daga ƙasa da ɗan yatsa, in nemo sunansa, in sauko in nemo shi cikin haƙoran fiyano, kafin in same shi na manta na bayansa. Ɗigon da cikinsa fari ne a riƙe shi a ƙirga biyu, baƙi a ƙirga ɗaya, har shiru ma yana da alamarsa, shi ma ƙirga shi ake yi. Da na fara ganin haske sai ta ce hawan sama na hannun dama ne kawai, na ƙasa na hagu ne, kuma ɗigon da ke layi na biyu a sama sunansa sol, amma shi ɗin dai in ya sauko layi na biyu a ƙasa ya zama si. Na ce, "Haba Madam, mutum ɗaya suna biyu, ɓarawo ne?" Ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa kuka nake son yi. Hannun hagu na haƙura da shi tun a ranar.

Kullum Madam takan bar ni in yi ta maimaitawa ta je ta ci abinci. Da ta fita sai in zaro takardar Hamma daga cikin hulata, in danna haƙoran a hankali kamar mai satar shiga, kunnena na kan ƙofa. Wata huɗu ina wannan, abin da na samu jeri biyu ne cikin bakwai, hannun dama kaɗai. Waƙa ce mai sanyi da ban taɓa ji ba, tana hawa a hankali, a tsakiyar jeri na biyu ta yi shiru na ƙirga uku, sannan ta ci gaba. Ban gane komai a cikinta ba. Kuma ku riƙe wannan da kyau, ban taɓa rera ta a gida ba, ko a zuci tsoron Baba nake ji, Dada kuwa ba ta taɓa ganin fiyano ba a rayuwarta.

Kowace yamma in na shiga gaishe ta, tambayar ɗaya ce, "Me ya ce?" Ni kuma amsar ɗaya ce, "Saura kaɗan, Dada." Tarin na ƙaruwa, ni ina ƙirga layi.

Da damina ta kankama, ruwa ya taɓa dukana a hanya har gefen takardar ya jiƙe, sai na ce gara in riƙa barinta cikin kwallar Dada ranakun da ba ni da darasi. Ran wata Alhamis na dawo kasuwa da la'asar, na tarar da takardar shanye a kan zana, an danne ta da dutse. Layukan fensir suna nan biyar-biyar, amma babu ɗigo ko ɗaya. Ga ƙwarya a gefen tabarmar Dada, gindinta baƙi. Ta wanke ta sha, kamar yadda ake wanke rubutun malam.

Allah ya yafe mini, ranar na ɗaga wa mahaifiyata murya. Na ce ta kashe mu, ta shanye wahalata ta wata huɗu, wannan ba aya ba ce, kiɗan Turawa ne. Ta bar ni har na gaji, sannan ta ce, "Wata huɗu kana ce min saura kaɗan. Ni ce saura kaɗan, ba kai ba. Hannun ɗana ne ya rubuta, in kunnena bai ji ba cikina ya ji." Na fita na zauna a zaure, ban ci abinci ba, ban kuma koma lakwal ba.

Kwana uku bayan haka, da rana tsaka, ina alwala a tsakar gida, Dada na zaune bakin ƙofarta tana ɓarar gyaɗa, sai na ji tana ɗan gunguni ta hanci. Buta ta suɓuce min. Waƙar ce, wallahi tallahi ita ce, tun daga ɗigon farko, tana hawa a hankali yadda nake danna ta, kai har ta fi ni daidai. Da ta zo tsakiyar jeri na biyu ta yi shiru, ni kuma bakina ya ƙirga da kansa, ɗaya, biyu, uku, ta ɗauka. Ta wuce inda na tsaya, ta shiga abin da ban taɓa ji ba. Na ce, "Dada, wace waƙa ce wannan?" Ta ɗago ta ce, "Wace waƙa? Ni da ko numfashi ke gagarata?"

Nan tsoron gwamnati ya fita raina. Na ruga wurin Madam na kwashe komai na faɗa mata. Ta riƙe baki ta ce, "Wata huɗu? Ya Allah! Da ka ba ni, kafin shayi ya huce na kaɗa maka ita." Maganar nan ta fi mari zafi. Washegari da Baba ya tafi kasuwa ta zo da takarda mai layi da fensir, ta gaida Dada da Fulatanci, ta zauna kamar mai duba mara lafiya. Mu uku ne a ɗakin, kowa ya fita, rana na shigowa ta ƙofa. Muka yi ta hira, can Dada ta jingina da bango, idonta ya lumshe, ta fara.

Madam na rubutawa da sauri, ina kallon hannunta, jeri ɗaya, jeri biyu, ta shiga na uku, sai fensir ya tsaya. Ta juyo ta dube ni, fuskarta ta sauya, ta ce a hankali, "Mushe, wa ke yin na ƙasan?" Sai a lokacin na kasa kunne sosai. Ƙarƙashin siririyar muryar Dada akwai wata, mai kauri, ta namiji, tana tafiya daban, in ta Dada ta hau ita ta sauka, suna haɗuwa suna rabuwa. Hannun hagu ne, wanda ban taɓa koya ba. Na leƙa waje, ba kowa sai kaji. Na dawo, muryar na nan, kuma daga inda Dada take zaune take fitowa. Madam ta yi alamar addininsu a ƙirji, ta kasa ƙara ɗigo ɗaya, hawaye na zuba a kan takardar, muka zauna a haka har muryoyin biyu suka sauka tare suka tsaya.

Dada ta buɗe ido, ta ce a ba ta ruwa. Da ta sha sai ta ce mini, da muryarta ta kullum, "Gobe ka sayo gero da sukari, a yi wa Sale sadaka." Na durƙusa gabanta na ce, "Dada, don Allah me kika ji?" Ta ce, "Abin da na ji ya ishe ni. Kai dai ka sayo." Madam ta ninke abin da ta rubuta ta cusa a jaka, na roƙe ta ta ba ni ta ƙi, ta ce gara kada ya kwana a gidan kowa, kuma daga ranar ba ta ƙara takowa rumfarmu ba.

Baba ya yi faɗa, ya ce ba a ga gawa ba, ba a kawo saƙo ba, ba za a yi wa mai rai sadakar mutuwa a gidansa ba. Dada ta sa aka daka gumba aka raba wa maƙwabta. Ba ta sake rera waƙar ba, ba ta sake ambatar sunansa ba, kuma kafin a cire gyaɗar shekarar ta rasu. Bayan shekaru, da mulki ya sauya aka saki wasu, na yi mako uku ina zuwa tasha ina duba fuskokin masu saukowa. Babu Hamma, babu wanda ya taɓa jin sunansa. Har yau da furfurata ban sani ba, mutuwarsa ya aiko mana, ko kuwa cewa ya yi mu jira shi, muka yi masa sadaka yana raye. Wannan shi ke cin raina.

Shawarata gare ku, in naku ya aiko muku da saƙon da ba ku iya karantawa ba, ku kai wa wanda ya iya tun ranar, kome zai faru ya faru. Kada ku ce sai kun koya, mai jiran amsa ba lallai ya jira ku ba.

Jeri biyun nan suna kaina har yanzu. Sau ɗaya na gwada rera su, shekaru da yawa bayan rasuwar Dada, ni kaɗai a rumfa, kowa ya tafi sallar azahar. Na kai wurin shirun, na ƙirga ɗaya, na ƙirga biyu, kafin in ce uku na ji an ja numfashi dab da kafaɗata ta hagu, irin na wanda zai ɗauki waƙa. Na rufe bakina, ban waiga ba, na ja ƙyauren rumfa na tafi masallaci ba takalmi.