Mai Sassaƙa Beshik

Yayana Holmat shekara arba'in yana sassaƙa beshik a kasuwar Kokand. Gadon jarirai ne mai lilo, a kwantar da yaro rigingine, a ɗaure shi tamau. Rabin unguwarmu a cikin aikinsa suka yi barci, kuma ba ya barin kowa ya manta.

Jikarsa Sabohat da wani ƙugi aka haife ta, in ta ja numfashi sai ka ce tsohuwar ƙofa. Uwarta, Dilrabo, ta ce, "Baba, kamar ta fi sakewa a kife."

"Yaushe kika fara sanin yara?" in ji shi. Ran bikin saka ta a gado da hannunsa ya ɗaure ta. Muna tsaka da cin shinkafa leɓenta ya koma shuɗi. Ni na fizge ɗaurin.

Likita a Tashkent ya ce naman saman maƙogwaronta ne ya yi laushi, yana faɗawa ciki ya toshe hanya, kwanciyar rigingine kuma tana ƙara masa. Ba ta iya tsotsa, tana ta ramewa. Sai an rage naman da hasken leza. Uban yana aiki a Rasha, don haka Holmat ya raka su, ni ma na bi.

"In ka rage ya wuce fa?" ya tambayi likitan.

"Sai nono ya riƙa sarƙe ta, Baba."

"Ba a mayarwa," in ji Holmat.

"Ba a mayarwa."

Minti arba'in aka yi. Dilrabo tana ta kuka, ni ina yi mata faɗa don kada nawa ya fito. Holmat kuwa yana zaune kamar mai jiran mota. Da aka ce an dace, sai ya gyaɗa kai kawai. Haushi ya kama ni. Na ce, "Yaya, ko alhamdulillahi?" Ya ce, "Na nema a cikina, ban samu komai ba."

Da muka koma gida yarinya tana shan nono, tana numfashi lafiya. Dilrabo, 'yar halak, ta yi shimfiɗa a beshik ɗin, ta miƙa masa yarinyar. "Baba, likita ya ce babu komai yanzu."

Ya karɓe ta, ya daɗe a tsaye. Ya miƙo mini ita, ya sa takalminsa ya fita.

Yanzu Sabohat tana aji biyu, bakinta ya fi nawa. Shi Holmat kujeru yake yi. Mai neman gado, sai ya nuna masa rumfar gaba.